Daga Kuɗin Karofi Zuwa Fatanti: Wa Ke Yi wa Keken Tela Kuɗi a Gaya?

A Gaya, wadda ke jihar Dosso a Nijar ba ta Kano ba, da wuya ka ji tela ko mai injin niƙa yana cewa sam ba zai biya haraji ba. Abin da ke ɗaga murya a bakin shago idan ma'aikatan haraji sun zagayo shi ne ƙiyasi: an leƙa ciki, an ga kekunan ɗinki uku, an rubuta mutum a ajin da shi yake ganin ya fi ƙarfinsa. Alhali ɗaya daga cikin kekunan ya mutu tun bara, ana cire masa kusoshi ana gyara sauran, ɗaya kuma na yaron shago ne. Iyayen yaran da muke koyarwa da yawansu irin waɗannan masu sana'a ne, kuma kuɗin da ƙiyasi ya ci daga aljihunsu shi ne kuɗin littafi da alƙalami. Shi ya sa ya kamata mu san inda wannan rigima ta samo asali, da yadda kakanninmu suka riƙa kai kuka a kanta.

Ɗora wa kayan aiki haraji ya girmi zuwan Bature. Gaya ƙasar Dendi ce, ba ta taɓa zama ƙarƙashin Kano ba, amma a Kano ne muke da lissafi a rubuce. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya shiga birnin a 1851, ya ruwaito cewa ana karɓar wuri 700 a kan kowace rijiyar rini, wato kuɗin karofi, kuma rijiyoyin sun haura 2,000 a cikin birni kaɗai. Kowace bishiyar dabino wuri 600. A ƙasar Zazzau kuwa ya ce a kan fartanya ake ɗora harajin noma, wuri 500 kowace ɗaya. Wannan tsari yana da wani alheri da ba a cika lura da shi ba: abin ƙirgawa ne. Marini ya san yawan rijiyoyinsa, mai karɓa ma yana iya ƙirgawa da yatsa, babu wurin gardama sosai. Aibinsa kuma shi ne rijiyar da ta yi wata uku ba a jiƙa baba a cikinta ba, kuɗinta ɗaya da wadda ake layi a kanta. Wanda aka zalunta sai ya bi ta wajen shugaban sana'arsa ko wani ubangida da ke da bakin magana a fada. In ba shi da kowa, ya haɗiye. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙ ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan Haɓe, amma ga shi bayan kusan shekara hamsin da jihadi Barth ya tarar da haraji iri-iri a Kano. Mulki na canja hannu, baitulmali ba ya daina jin yunwa.

Da Faransawa suka kama wannan yanki a ƙarshen ƙarni na 19, sai suka zo da lanho, harajin da ake ɗora wa kan mutum. Aka koma ƙirga kawuna. Abin da ya fi muni shi ne dokar da suke kira andijena, wadda ta ba kwamandan ikon ɗaure mutum har kwana 15 ko ya ci shi tarar faran 100 ba tare da an je gaban alƙali ba, kuma jan ƙafa wajen biyan lanho yana cikin laifuffukan. Wanda ya yi ƙiyasin, shi ne mai karɓa, shi ne kuma alƙali. A irin wannan hali wa za ka kai wa ƙara?

Hanya biyu ta rage wa talaka, makami ko ƙafa. An gwada makami a nan jiharmu. A ƙarshen 1905 mutanen Kobkitanda, kudu da Dosso, suka bi wani malami makaho, Alfa Saibu, suka yi wa Faransawa tawaye; akwai wa'azin Mahadi a cikin lamarin, akwai kuma ƙin lanho da aikin tilas. A Janairun 1906 sojojin Faransa tare da mahayan Zarmakoy Awta na Dosso suka murƙushe su. Malamin ya tsere zuwa Satiru kusa da Sakkwato, inda a ranar 14 ga Fabrairu aka karya rundunar Ingilishi, kafin a dawo a watan Maris a share garin baki ɗaya. Bayan wannan darasi sai ƙafa ta zama ita ce kotun ɗaukaka ƙara. Mutumin Gaya ya fi kowa samun sauƙinta: Kamba na nan kusa a ƙasar Ingilishi, kogin Kwara kuma na bayan gida. A yunwar 1931, lokacin da fari da fara suka cinye amfanin gona a yammacin Nijar, hukuma ba ta fasa neman lanhonta ba, jama'a da yawa suka kwashi iyali suka tsallaka Najeriya. Sarakunan ƙauyuka aka bari da sunayen mutanen da ba sa nan, kuma a kan waɗanda suka zauna ake raba kuɗin waɗanda suka gudu.

Can ɗin ma ba aljanna ba ce. Ingilishi sun kafa dokar harajinsu ta Arewa a 1906, daga baya suka baza malaman taki suna auna gonaki da ƙafa a Kano da Katsina, kuma kowa ya san taki na iya tsawo ko ya gajarta gwargwadon abin da manomi ya miƙa. A kudancin Najeriya ma, boren matan Aba na 1929 daga ƙidaya ya taso: an aiko wani mutum ya ƙirga mutane da dabbobi a gidan wata mata mai suna Nwanyeruwa a Oloko, mata suka gane haraji ke tafe.

Harajin da ya shafi keken tela kai tsaye shi ne fatanti. A Faransa aka haife shi a 1791, zamanin juyin juya halinsu, kuma da ya zauna da gindinsa kashi biyu gare shi: kuɗi tsayayye bisa irin sana'a, da wani kaso bisa kuɗin hayar da aka ƙiyasta wa wurin aiki. Da aka kawo shi ƙasashen renon Faransa sai aka tsara jadawali aji-aji, inda a wurare da dama ake raba teloli bisa yawan kekunansu, masu niƙa bisa yawan injuna, masu mota bisa kujeru ko nauyin kaya. Ka ga kuɗin karofi ya dawo sanye da kwat. Abin da ya kamata mu lura da shi, su Faransawan sun yi watsi da fatanti a 1975, suka maye gurbinsa da wani haraji da ya dogara sosai a kan darajar injuna, shi ma suka soke shi a 2010, domin sun ga yana hukunta duk wanda ya yi ƙoƙarin sayen na'ura ya faɗaɗa aiki. Mu da muka gada, har yau sunan fatanti na bakin 'yan kasuwarmu.

An soke andijena da aikin tilas a 1946, aka sami 'yancin kai a 1960. A ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin yuraniyom suka shigo, gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauke wa talakawa lanhon kai na ƙasa, kamar yadda Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji a 1979. Harajin sana'a bai tafi ko'ina ba. Siffa ya canja: ƙaramin mai sana'a yau yana biyan haraji dunƙulalle bisa cinikin da ake zaton yana yi a shekara, kuma tunda ba ya rubuta ciniki, abin da ido ya gani a shago shi ke zama ma'auni. An tashi daga ƙirge an koma zato, kuma zato ya fi ƙirge buɗe ƙofar zalunci da ta "a sasanta".

Jama'a sun nuna suna iya tanƙwara gwamnati idan abin ya shafi kowa. A Maris na 2005 ƙungiyoyin farar hula, da Nouhou Arzika a gaba, sun rufe kasuwanni da birane saboda harajin kashi 19 cikin 100 da aka ɗora wa kayan masarufi, gwamnati ta ja da baya a watan Afrilu. Sai dai zanga-zanga ba ta gyara takardar mutum ɗaya. Wannan sai ƙorafi a rubuce, kuma abin da kakanninmu ba su samu ba ke nan, mu muna da shi: doka ta ba wanda bai yarda da abin da aka ɗora masa ba damar rubuta wa hukumar haraji, cikin wa'adi, ya faɗi harajin da yake ja da shi da dalilinsa, in bai gamsu da amsa ba ya hau sama, har kotu.

A ganina abu biyu ke kashe wannan dama a Gaya. Na farko harshe: da Faransanci ake rubutawa, mai walda kuma Dendi da Hausa yake ji. Na biyu hujja. Yawancin injunan garin nan na hannu ne, an sayo su daga Kwatano ko Kamba, an biya an tafa hannu, ba rasit, ba takardar duwan, ba kwanan wata. To, da me za ka nuna cewa janaretan da aka yi wa kuɗin sabo ya shekara takwas yana aiki? Masu lissafin kamfanoni kowace shekara suna rage darajar injunansu a littafi saboda tsufa, kuma hukuma na karɓa. Mai firij ɗin ƙanƙara bai ma san ana yin haka ba.

Abin ya fito fili bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Takunkumin ECOWAS ya rufe gadar Gaya da Malanbil, wadda tun 1958 take ɗauke da cinikin garin, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba Nijar. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren gadar. Mai gyaran taya da ke jiran manyan motocin Kwatano, injin iskarsa na nan a ƙofar shago kowa na gani, motocin ne babu. Rijiyar rinin da ba a jiƙa baba a cikinta ba ke nan. Wanda ke da ɗan littafin ciniki na kafin rufewa da na bayanta yana da abin ajiyewa a kan tebur. Wanda ba shi da shi sai rantsuwa.

Nan aikinmu ya shigo. Muna koya wa yara kaso cikin ɗari da misalin lemo da mangwaro, muna sa su rubuta wasiƙa zuwa ga abokin da babu shi. Me zai hana darasin lissafi ya zama na keken da aka saya jika 80 yana rage kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa kowace shekara, darasin rubutu kuma ya zama wasiƙar ƙorafi mai suna da kwanan wata da dalili? Yarinyar da ke aji shida za ta iya riƙe wa mahaifinta littafin shago, in iyaye sun yarda su nuna mata abin da ke shiga da abin da ke fita. Na san wannan sharaɗin ya fi lissafin wuya a gidaje da yawa.

Malamin tarihi kuma yana da misali a bakin kogi. Nijar da Benin sun shafe shekaru fiye da arba'in suna jayayya a kan tsibirin Lete, har aka zubar da jini a 1960. Da suka kai maganar Kotun Duniya da ke birnin Heg, tsofaffin takardun mulkin mallaka aka baje: wasiƙar da jami'in Gaya ya rubuta a Yulin 1914, rahotannin rangadi, da bayanan da ke nuna hukumar Gaya ce ke karɓar haraji a tsibirin. A ranar 12 ga Yuli 2005 kotun ta raba tsibirai 25 da ke kogin, 9 ga Benin, 16 ga Nijar, har da Lete.