Daga Littafin Tarho Zuwa Google: Tarihin Zaɓen Kalmar Talla

Tun kafin a san intanet 'yan kasuwar Amurka suka gane cewa wanda ke tsara jerin sunaye shi ke riƙe da ƙofar kasuwa. A shekarar 1886 Reuben Donnelley ya buga a birnin Shikago littafin lambobin tarho da ya jera mutane bisa sana'arsu, wanda aka sani da Yellow Pages. A ƙarƙashin kowace sana'a sunaye na bin jerin haruffa, mai gyaran famfo da sunansa ya fara da A shi ake fara gani. Daga baya masu gyaran famfo da masu gyaran makulli suka riƙa raɗa wa shagunansu sunayen da ke farawa da A uku a jere, don su hau saman shafi. Daga nan sana'ar zaɓen kalmar da za ta kai mai saye ga mai sayarwa ta samo tushe. Tarihinta na shekara ɗari da 'yan kai ya nuna cewa duk dabarar da aka gina a kan yi wa mai tsara jeri wayo ba ta ɗorewa, kuma ɗan kasuwar da ke ɗorewa shi ne wanda ya san kalmar da ke fita daga bakin mai saye.

Da intanet ta buɗe ga jama'a, an fara da irin tsarin littafin tarho. A 1994 ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford, Jerry Yang da David Filo, suka kafa Yahoo, inda mutane ne ke duba shafuka suna sa kowanne a rukuninsa. Shafuka suka yi wa hannun ɗan Adam yawa, sai injuna suka karɓi aikin, musamman AltaVista da ya fito a Disambar 1995. Injin yana ƙirga sau nawa kalma ta bayyana a shafi, yana kuma karanta wani ɓoyayyen layi da mai shafi ke rubuta kalmomin da ya ce su ne batun shafinsa. Wato an ba mai kaya amanar faɗin abin da ke cikin buhunsa. Amanar kuwa ba ta yi tsawon rai ba. Masu shafuka suka riƙa cusa kalma guda sau ɗaruruwa da farin rubutu a kan farin shafi: ido ba ya ganin komai a ƙasan shafin, amma da an ja linzamin kwamfuta a wurin sai layuka su bayyana reras, sunayen mawaƙa da 'yan fim da ba ruwansu da kayan da ake sayarwa. Mai neman takalmi ya faɗa shafin caca, har mutane suka fara gajiya da injunan.

A 1998 Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a kan wata ƙa'ida da Bahaushe ya daɗe da sani, yabon kai jahilci. Tsarinsu mai suna PageRank ya rage nauyin abin da shafi ke faɗa game da kansa, ya koma duba shafuka nawa ne suka nuna shi, kuma su waye su. Darajar mutum a kasuwa ma haka take, shaidar abokan hulɗa ce ke tsayar da ita. A wannan shekarar ce kuma Bill Gross ya buɗe GoTo.com, inda aka fara gwanjon kalmomi: wanda ya fi taya kalma shi ke fitowa a sama, kuma yana biya ne duk lokacin da aka latsa sunansa. Google ya shigo da nasa tsarin talla, AdWords, a shekarar 2000. Tun daga lokacin kalma ta zama haja mai farashi, kuma hanyoyi biyu suka rabu, ta mai kuɗin taya da ta mai jiran injin ya ga cancantarsa.

Masu wayo ba su haƙura ba, sun koma sayen shaida, suna biyan shafukan banza su nuna su. Google kuma ya riƙa sauya ma'auni. A Nuwamban 2003, ana dab da cinikin Kirsimeti, wani sauyi da aka yi wa laƙabi da Florida ya zubar da shafukan kasuwanci da yawa daga sahun gaba cikin 'yan kwanaki. A Fabrairun 2006 an cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga sakamakon bincike na ɗan lokaci, saboda yana nuna wa injin shafuka cike da kalmomi, yana nuna wa mutane wasu dabam. A 2009 Google ya fito fili ya ce ba ya la'akari da wancan ɓoyayyen layin kalmomi wajen jera shafuka. A 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo dubban mahaɗan bogi da suka ɗora kantin J.C. Penney a sama, aka kuma durƙusar da shi. Sauyin Panda na 2011 ya bi shafukan da ba su da abin kirki a ciki, na Penguin na 2012 ya bi masu sayen shaida. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma abin lura shi ne girman kamfani bai hana hukuncin hawa kansa ba.

Daga sauyin Hummingbird na 2013 zuwa BERT na 2019, injin ya matsa daga ƙirga kalmomi zuwa ƙoƙarin gane abin da mai tambaya ke nufi. Google da kansa ya ce kashi 15 cikin 100 na tambayoyin da ake yi masa kullum bai taɓa ganin su ba. A nan ƙaramin ɗan kasuwa ke da gurbi. Mai ɗinkin takalma a Kano ba zai ƙwace kalmar "takalmi" daga manyan kantuna ba, amma mai neman "takalmin fata ɗinkin hannu a Kano" ya riga ya san abin da yake so, kuɗinsa na aljihu, kuma manyan ba su damu da shi ba. Sanin irin waɗannan kalmomi yana wurin wanda ke tsaye a shago. Shi ya san mai saye shadda yake cewa ko gezna, shi ya san mutane na rubutu a waya ba tare da lanƙwasa ƙ da ɗ ba, suna haɗa Hausa da Turanci a tambaya ɗaya.

Wani zai ce wannan daɗin baki ne, mai kuɗi ne ke cin kasuwar. Akwai gaskiya a ciki. Tallan da aka biya shi ke zama a sama, kuma tun Oktoban 2011 Google ya fara ɓoye wa masu shafuka kalmomin da suka kawo musu baƙi, alhali masu biyan talla na ci gaba da ganin nasu. A Agustan 2024 wani alƙalin tarayya a Amurka, Amit Mehta, ya yanke hukunci cewa kamfanin ya yi babakere a harkar bincike ta hanyar da ta saɓa doka. Mai ƙaramin shago yana da dalilin yin hattara da kasuwar da mutum ɗaya ke riƙe da mudunta. Sai dai wannan ƙorafi yana ƙarfafa batun ne. Dabarar da ta dace da ma'aunin Google na bana za ta mutu idan ya sauya shi baɗi, amma sanin yadda abokin ciniki ke kiran kaya mallakar ɗan kasuwa ne, yana tafiya da shi Facebook, ya sa shi a saƙon WhatsApp, ya rubuta shi a allon ƙofar shago.

Wani kuma zai ce zamanin kalmomin ya wuce, tunda daga fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 mutane sun fara yi wa na'ura doguwar tambaya tana ba su amsa kai tsaye. Na'urar dai daga rubutun mutane take ɗebo amsarta. Idan babu inda aka rubuta cewa shagon wane yana unguwa kaza, yana sayar da kilishi mai yaji, yana aikawa har Abuja, ba ta da abin da za ta faɗa a kansa. Ga Hausa ma lamarin ya fi sauƙi, domin rubutun kasuwanci da harshen bai yi yawa a intanet ba, wanda ya bayyana hajarsa sarai ba zai tarar da cunkoso ba.

Saboda haka aikin ya fara daga bakin kanta. Ɗan kasuwa ya ajiye ɗan littafi kusa da akwatin kuɗi, ya riƙa rubuta tambayar kowane mai saye yadda ya furta ta, da sunan da ya kira kayan, da garin da yake so a kai masa. Bayan wata guda zai ga kalmomin da suka fi maimaituwa. Su zai sa a kan shafinsa, kowacce a gefen kayan da take nufi, tare da farashi na gaskiya da adireshin da za a same shi.