Tauye Ƙidaya: Tarihin Wata Kalma a Ƙasar Rumbu

A Ingilishi akwai kalmar undercount, wadda aka haɗa daga under, wato ƙasa, da count, wato ƙirga. Ma'anarta ita ce a ƙirga jama'a ko dukiya adadin ya fito ƙasa da yadda yake. Tana zuwa a matsayin suna, tana kuma zuwa a matsayin aikatau. An fi jin ta a bakin masana ƙidayar jama'a. Da Hausa ana iya cewa tauye ƙidaya.

Mutanen Rumbu, cikin gundumar Dakwaro ta jihar Maraɗi, sun daɗe da sanin abin da kalmar ke nufi, ko da ba su taɓa jin ta ba. A zamanin mulkin Faransa, ƙidaya ƙanwar haraji ce. Kowane kai da aka rubuta, kuɗi ne za a biya. Kowace saniya, jangali. Daga takardun nan ne kuma ake ɗibar samari aikin tilas, har zuwa 1946 da aka soke shi. Saboda haka maigida ya rage iyalinsa, makiyayi ya kora garke daji kafin masu rubutu su iso. A lokacin, tauye ƙidaya garkuwar talaka ce.

Al'ada ma ta taimaka. Uwa na jin nauyin ambaton ɗan fari, mutane da yawa ba su son faɗin yawan 'ya'yansu, Fulani da Buzaye kuwa suna bin ruwa da ciyawa, mai ƙidaya ya tarar da mashekari babu kowa.

Bayan samun 'yanci a 1960, Nijar ta yi ƙidayar ƙasa baki ɗaya a 1977, 1988, 2001 da 2012, inda adadin ya tashi daga wajen miliyan 5 zuwa sama da miliyan 17. Nan ne al'amarin ya juya. Da alƙaluman ƙidaya ake tsara ajujuwa, da rijiyoyi, da allurar rigakafi, da taimakon abinci a shekarar fari. Ƙauyen da aka tauye, rabonsa aka tauye.

Wannan shi ya sa ya kamata malamai da ƙungiyoyi su bayyana wa jama'a cewa dabarar da ta kare kakanni tana iya cutar da jikoki. Hausawa dai sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.