Yadda Ake Zaɓen Ɗan Kwangilar Gini a Ƙaramar Hukumar Bagudo

Gabatarwa

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana kan iyakar Jihar Kebbi da Jamhuriyar Benin, kuma Kogin Kwara ya ratsa ta cikinta. Garuruwa irin su Ka'oje, Illo, Lolo da Tsamiya sun dogara ne a kan hanyoyi, gadoji da kwalbatoci domin kai shinkafa da dabbobi kasuwa. Ambaliyar shekarar 2020, wadda ta lalata gonaki da gadoji a faɗin jihar, ta nuna mana cewa aiki mara inganci ba ya jure wa damina. Saboda haka muke bayyana wa jama'a yadda ake zaɓen ɗan kwangila.

Asalin Tsarin

A shekarar 2001 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta kafa ofishin bin ƙa'ida wajen bayar da kwangila. A watan Yunin 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sanya hannu a kan dokar da ta kafa hukumar BPP. Dokar ta shafi ayyukan tarayya da duk aikin da tarayya ta zuba aƙalla kashi 35 cikin 100 na kuɗinsa. Jihohi suna da nasu dokokin, waɗanda aka gina a kan wannan tushe.

Matakan Bayar da Kwangila

1. Dole ne aikin ya kasance cikin kasafin kuɗi, kuma injiniyoyi su fitar da zane da ƙiyasin kayan aiki.
2. Ana tallata aikin a jaridu da allon sanarwa, domin kowane kamfani ya sami dama.
3. Mai nema zai gabatar da rajistar kamfaninsa ta hukumar CAC, takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, da shaidar ayyukan da ya kammala.
4. Ana jefa takardun neman kwangila a rufe cikin akwati, sannan a buɗe su a bainar jama'a, a karanta sunan kowa da farashinsa.
5. Kwamitin tantancewa zai fara duba ƙwarewa da kayan aiki, kafin ya duba farashi.

Wane Ne Ke Samun Aikin?

Doka ba ta ce a ba mafi arha kawai ba. Ana ba wanda farashinsa ya fi sauƙi ne a cikin waɗanda suka cika dukkan sharuɗɗa. Wannan bambanci yana da muhimmanci a yankinmu, inda fadama ke cika da ruwa daga Agusta zuwa Oktoba. Wanda ya karya farashi ba tare da ya ziyarci wurin aiki ba, ya lissafa kuɗin dakon siminti da tsakuwa zuwa bakin iyaka, shi ne yakan rage ƙarfe ko ya gudu ya bar aiki.

Kuɗin Somin Aiki

Dokar 2007 ta ƙayyade kuɗin somin aiki a kan kashi 15 cikin 100, kafin Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30. Ba a biyansa sai da lamunin banki ko na kamfanin inshora. Sauran kuɗi kuwa ana biya ne bayan injiniya ya tabbatar da abin da aka gina. Rarraba aiki ɗaya gida-gida domin kauce wa talla babban laifi ne da ke kai mutum gidan yari.

Kira ga Jama'a

Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa jami'anmu nauyi. Muna kira ga kansiloli, hakimai da dagatai da su halarci buɗe takardu, su tambayi sunan kamfani, kuɗin aiki da wa'adinsa. Wanda ya ga ana ha'inci ya kai ƙorafi a rubuce ga Sashen Ayyuka tun kafin a biya kuɗi, domin rigakafi ya fi magani.