Ƙofar silin da haɗarin gobara a Kano

A gidaje da dama na Zawaciki, kusa da masana'antun Challawa, akan bar 'yar ƙofa a jikin silin, inda mai gyaran lantarki ke shiga ya duba wayoyi.

Idan murfinta falanki ne mara kauri, nan wuta ke fara samun hanya, ta kama katakon rufi ta tsallaka ɗakunan da ke kusa.

A shekarar 2006 Najeriya ta fitar da kundin ka'idojin gini na ƙasa, sai dai aiwatar da shi yana hannun jihohi. A Kano, hukumar KNUPDA ce ke amincewa da zanen gini.

A Ingila kuwa, duk inda doka ta ce silin ya jure wuta na minti 30, tilas murfin ma ya jure hakan.