Aiki mai tallafi

Aiki mai tallafi wani tsari ne na samar wa mai naƙasa aikin yi a wurin da kowa yake aiki, a kan albashi irin na sauran ma'aikata, tare da haɗa shi da mai rakiya wanda zai koya masa aikin a inda ake yin sa. An fi amfani da tsarin ga matasa masu jinkirin fahimta. Ƙa'idarsa ita ce a fara sa matashi a bakin aiki sannan a horar da shi, maimakon a ajiye shi shekaru a wata cibiya ana jiran ranar da za a ce ya shirya.

Jinkirin fahimta

Jinkirin fahimta naƙasa ce da take bayyana tun ana yaro. Mai ita yakan daɗe kafin ya kama karatu, lissafin kuɗi, sanin lokaci ko kula da kansa. An ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita. Ba taɓin hankali ba ce, kodayake jama'a sukan haɗa su wuri ɗaya. Wasu da ita ake haihuwarsu, kamar masu lalurar Down. Wasu kuwa sukan same ta sanadiyyar doguwar naƙuda, shawarar jarirai, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ƙarancin sinadarin aidin, ko gubar dalma irin wadda ta ɓulla a ƙauyukan Zamfara a shekarar 2010.

Tarihi

Kafin shekarun 1970, a Amurka da Turai akan tara irin waɗannan mutane a keɓaɓɓun ma'aikatu, suna yin ƙananan ayyuka a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Wata dokar ƙwadago ta Amurka ta 1938 ma ta halatta a biya su ƙasa da mafi ƙarancin albashi. A farkon shekarun 1970 wani malami mai suna Marc Gold ya nuna cewa mutanen da aka yanke wa ƙauna za su iya haɗa birkin keke mai sassa 15, idan aka rarraba aikin mataki-mataki. A ganinsa, idan ɗalibi bai gane ba, hanyar koyarwa ce ya kamata a sauya. Paul Wehman da abokan aikinsa a wata jami'a ta jihar Bajiniya sun kai wannan tunani cikin kantuna da gidajen abinci, kuma a 1986 tsarin ya shiga dokar tarayyar Amurka.

A 1996 wata ma'aikaciyar jinya, Erin Riehle, ta fara shirin Project SEARCH a asibitin yara na birnin Sinsinati. Matasa sukan yi shekarar karatu guda a cikin asibitin, suna zagaya sassa uku, kamar wurin tsabtace kayan tiyata da ɗakin ajiyar kaya. Shirin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. A Ingila, tun 2013 ake tura 'yan shekara 16 zuwa 24 masu buƙata ta musamman zuwa kamfanoni na tsawon wata shida zuwa shekara. Duk da haka, cikin manya masu jinkirin fahimta da hukumomin jin daɗin jama'a na Ingila suke kula da su, kusan 5 cikin 100 ne kawai suke da aikin albashi.

Yadda ake gudanar da shi

Da farko mai rakiya yakan zauna da matashin da iyayensa, ya gano abin da yake so da abin da hannunsa ya iya. Daga nan sai a nemi wurin da ya dace. Wani lokaci ba gurbin da aka tallata ake nema ba: akan tsinto wasu ayyuka da suke cinye wa ƙwararru lokaci, kamar jera kaya ko naɗe su, a haɗa su su zama aikin mutum ɗaya.

Mai rakiya yakan koyi aikin da kansa tukuna, ya rarraba shi, sannan ya nuna wa matashin da hannu ko da hotuna. Yakan koya masa har da hanyar zuwa aiki, gaisuwa, da abin da zai yi idan aka yi masa tsawa. Mataki mafi wuya shi ne janyewa. Idan mai rakiya ya tafi da wuri, aikin yakan rushe. Idan kuma ya daɗe, abokan aiki sukan riƙa yi masa magana shi maimakon matashin. Saboda haka ake so tun farko a samu wani cikin ma'aikatan wurin da zai riƙe shi.

A Najeriya

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci, wadda ta nemi ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki gwargwadon iko, kuma a 2020 aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa. Sai dai guraben gwamnati galibi suna buƙatar takardar makaranta, abin da mafi yawan masu jinkirin fahimta ba su da shi. Makarantun musamman na Arewa, irin su ta Tudun Maliki a Kano, sun fi shahara da koyar da makafi da kurame.

A Katsina

Mafi kusa da wannan tsari a ƙasar Hausa shi ne koyon sana'a a hannun ubangida. A birnin Katsina, a unguwanni irin su Ƙofar Sauri, wadda ta samo sunanta daga ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwa, uba ko kawu yakan kama hannun yaro ya kai shi wurin tela, kafinta, bakanike ko mai walda. Ba a tambayar takarda. Yaro yakan fara da shara da aike da miƙa kayan aiki, yana kallo har ya iya, ranar da ya ƙware kuma a yaye shi. Hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1986, a kan wannan al'ada ta gina shirinta na tura matasa wurin masu sana'a. Akwai kuma Ƙauyen Sana'o'in Matasa da gwamnatin jiha ta kafa a zamanin Gwamna Ibrahim Shehu Shema, amma shi cibiyar horo ce.

Wato ƙa'idar koyo a bakin aiki ba baƙuwa ba ce a nan. Abubuwa biyu ne suka bambanta. Na farko, babu mai rakiya: ubangida yana da cinikinsa, ba shi da lokacin maimaita abu sau ashirin, kuma idan yara suka fara kiran sabon yaro dolo ko gaula ba kullum ake samun mai tsawatarwa ba. Na biyu shi ne lada. Yaron shago yakan jure kuɗin abinci kawai domin ya san yaye yana tafe, amma mai jinkirin fahimta yana iya shekara goma yana ɗiban ruwa da shara ba a yaye shi ba, ba a kuma yanka masa albashi ba.

Makafi, guragu da kutare suna da sarakunansu na gargajiya a manyan biranen Hausa, waɗanda suke magana da yawunsu a fada. Masu jinkirin fahimta ba su cikin wannan tsari, don haka iyaye ne suke nemar musu wuri. 'Yan mata kuwa an fi barin su a gida saboda tsoron cin zarafi, kuma idan an koya musu sana'a, kamar ɗinkin hula, saƙa ko ƙulla kayan miya, yawanci a cikin gida ne a hannun uwa ko wata maƙwabciya.