Ta Hannun Mai Unguwa: Yadda Sunan Manomin Watari Ya Shiga Daftari

Wani mai karatu, wanda yake riƙe da sakatarcin wata ƙungiyar manoman rani a ƙarƙashin madatsar ruwan Watari ta ƙasar Bagwai, ya aiko da tambaya wadda a zahiri ta sana'ar zamani ce, amma a baɗini ta tarihi ce. Ya ce sunayen 'yan ƙungiyarsu suna ajiye a wata ma'adana ta intanet, ya kuma so ya buga su a kan 'yan takardun nan masu danƙo da ake mannawa a bayan ambulan, don ya aika da takardun kiran taro. Sai ya tarar kwamfuta ta tanadi gurbin lambar gida da gurbin sunan titi, alhali kuwa mutanensa ba su da ko ɗaya daga cikin biyun. Shin, in ji shi, dā can ta yaya wasiƙa take samun mutumin karkara, kuma wane ne ya fara rubuta sunayenmu a jere?

Aikin bugun kansa ba mai wuya ba ne. Ana fitar da jerin daga ma'adanar a sigar jadawali, kowane mutum da layinsa, kowane bayani da gurbinsa, sa'an nan a haɗa jadawalin da samfurin takardar mannawa, injin ya zuba suna bayan suna har shafi ya cika. Dabarar ma ta girmi kwamfuta, domin tun a shekarun 1890 wani Ba'amurke mai suna Joseph Duncan ya ƙera injin Addressograph mai buga adireshi ɗaya bayan ɗaya, a 1935 kuma Stanton Avery ya fito da takarda mai manne kanta a birnin Los Anjalas. Sai dai waɗanda suka ƙera waɗannan abubuwa mutanen birane ne masu tituna da lambobi, suka gina kayansu a bisa zaton cewa ana neman mutum ne ta wurin da gidansa yake. A ƙasar Kano kuwa, tun fil azal, ana neman mutum ne ta hannun wani mutum wanda ya san shi.

Akwai masu cewa Turawa ne suka kawo mana aikin wasiƙa, kuma wannan riwaya ce mai rauni ƙwarai. Lokacin da sojojin Turawa ƙarƙashin Lugga suka shiga Sakkwato a 1903 sun tarar da tarin wasiƙu na Larabci a gidan Waziri, waɗanda H. F. Backwell ya fassara wasu daga cikinsu ya buga a 1927, a ciki har da na Sarkin Kano Alu zuwa ga Waziri Buhari, domin Wazirin Sakkwato shi ne ƙofar Kano a fadar Sarkin Musulmi. Fataken Gadamas mazauna Kano su ma suna ta musayar takardu da 'yan'uwansu a ƙetaren Sahara, a kan takardar Italiya mai alamar jinjirin wata uku wadda ake shigo da ita ta Tarabulus. Irin wannan wasiƙa tana buɗewa da bisimilla da salati, ta ambaci mai aikowa da wanda aka aiko wa, hatimi yana sama idan ta sarki ce. Amma ba a bukatar a rubuta unguwa ko lungu, saboda manzon da ya ɗauko ta ya san hanya, ya san fuska, galibi ma yana ɗauke da rabin saƙon a bakinsa.

Haka al'amarin yake tsakanin birni da ƙauye. Hakimai suna zaune a cikin ganuwa, garuruwansu a warwatse nan da can, kowane hakimi da jakadunsa masu zuwa wurin dagatai su karɓo kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin karofi da zakkar hatsi. Matafiyin nan Bajamushe, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya kuma ruwaito cewa kowane maigida yana biyan wuri dubu biyu da ɗari biyar na kuɗin ƙasa. Adadin magidantan kuwa yana cikin kan mai unguwa da dagaci, kuma da wuya maigida ya ɓace musu, domin a wannan ƙasa mai cunkoson gonaki, inda gidaje suke tsaye ɗai-ɗai a tsakiyar gonakinsu, kowa ya san wanda ya yi iyaka da shi.

Canji ya zo a zamanin Sarki Abbas. Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, ya tattara garuruwa ya mai da su gundumomi a tsakanin 1907 da 1908, ya fitar da hakimai daga birni suka koma zama cikin ƙasashensu, ya nemi ya kawar da jakadu. Ta wannan hanya ce Bichi ta zama mazaunin Ciroma, inda Abdullahi Bayero ya yi hakimci kafin ya hau gadon sarauta a 1926, daga baya ɗansa Muhammadu Sanusi ya riƙe ta da wannan sarauta. To, da aka raba hakimi da jakada, sai aka haɗa shi da malami da daftari, kuma a nan ne amsar tambayar mai karatunmu take.

Wajen 1909, a zamanin Razdan Temple, aka shigo da tsarin da ake kira taki. Hujjarsa mai kyau ce a baki: maimakon a yanka wa gari kuɗi dunƙule, dagaci ya raba yadda ya ga dama, ya sauƙaƙa wa nasa ya danne marar gata, sai a auna gonar kowa, kowa ya biya gwargwadon abin da yake nomawa. Aka ɗauki malamai waɗanda aka koya wa lissafi da rubutun boko, a daidai lokacin da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, aka tura su karkara. Malami ya taka tsawon gona da ƙafa yana ƙirga, ya taka faɗinta, ya buga lissafi ya mayar eka, ya rubuta sunan mai gona da girmanta da abin da ya hau kansa. Iyakar abin da bincike ya nuna, wannan yana cikin farkon lokutan da talakan ƙasar Kano, wanda ba malami ba, ba basarake ba, ba attajiri ba, ya ga an rubuta sunansa a littafin hukuma tare da garinsu da gonarsa. Duk wanda yake mamakin yadda dattijon ƙauye yake ɗari-ɗari in an ce ya ba da suna a rubuta, to ya tuna cewa rubutun farko da aka yi wa kakansa na haraji ne.

Ba a daɗe ba tsarin ya yi ƙaurin suna, kuma a kan dalilin lalacewarsa ne aka yi saɓani. Riwaya ta farko ita ce ta jami'an Turawa, wadda ta cika rahotanninsu: wai malaman taki ne maciya amana, mai abin hannu ya ba su goro su faɗaɗa taki gonarsa ta ƙanƙance a takarda, wanda ya hana kuwa su gajarta taki gonarsa ta kumbura, wani lokaci ma su zauna a zauren dagaci su cika shafi ba tare da sun taka ko kunya ɗaya ba. Riwaya ta biyu ita ce wadda masu binciken baya suka ƙarfafa, musamman Steven Pierce, wanda ya yi nazarinsa a Ungogo ya fitar da littafi a 2005 a kan manoma da hukuma a Kano ta zamanin mulkin mallaka: cewa tsarin da kansa ba mai yiwuwa ba ne, kuma ɗora laifi a kan malamai ya sauƙaƙa wa masu mulki su ci gaba da riya cewa daftarinsu yana nuna gaskiyar ƙasa.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga ta biyu, ba don ina wanke malaman ba, domin zaluncin da aka yi wa talaka an yi shi, kuma wanda ya karɓi rashawa ya ci haram ko da albashinsa bai kai ya kawo ba. Amma a duba yanayin gona a ƙasar nan. Ba kasafai take da kusurwa huɗu daidai ba, tana lanƙwasa ta bi burtali ko ta kauce wa kwari, sai lissafin tsawo da faɗi ya ba da ƙarya ko a hannun mai tsoron Allah. Sa'an nan gona ba ta zama a hannu ɗaya. Bana tana cikin gandu, baɗi maigida ya rasu an raba ta gado bisa ƙa'idar fara'ili, 'ya'ya maza da mata kowa da rabonsa. Wannan ya ba da tasa aro, wancan ya jinginar da tasa don ya yi wa ɗansa aure, wani ya tafi cin rani bai dawo ba, wani ya sayar. Kafin 'yan malamai ƙalilan su gama zagaya gunduma ɗaya, shafukan farko sun riga sun tsufa, ana neman haraji a hannun mamaci, ana tsallake mai rai. Wanda zai iya gyara wannan kuskure shi ne mai unguwa, wato ainihin mutumin da aka ƙirƙiro daftarin don a rage dogaro da shi. Daga baya hukuma ta kawo awon sarƙa da taswira a gundumomin da suke kewaye da birni, aikin ya fi na taki inganci, amma yana da tsada da jinkiri, kuma bai game ƙasa ba. Jerin masu biyan haraji ya ci gaba da fitowa kowace shekara daga bakin masu unguwanni zuwa alƙalamin malamin hakimi.

Da gidan waya ya zo, wannan hanya ya tarar, ita kuma ya bi. Arewa ta sami kan sarki nata a 1900, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jiragen sama masu ɗaukar wasiƙu suka fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano a 1936. Amma duk wannan sauri a birni yake tsayawa, daga nan sai jakar hakimi da ɗan aike a kan keke ko a ƙafa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana editanta, ta ofisoshin En'e da makarantu ta riƙa kai wa karkara, kofi ɗaya ya zagaya zaure bayan zaure ana karanta wa jama'a. Sojojinmu da suka je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, in za su rubuto gida, sai su sa sunan mahaifi, su ce ta hannun dagacin gari kaza, ƙasar hakimi kaza, Kano. Da aka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, Kano ta sami jaridarta Sodangi, masu iya rubutu suka yawaita. Da Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, Rediyon Kaduna kuma a 1962, sai wasiƙun masu sauraro da katunan zaɓi sonka suka riƙa kwarara, da yawansu ɗauke da akwatin gidan waya na makarantar firamare ko na wani mai kanti, wanda gari guda suke tarayya a kansa. Shugabannin makarantun ƙauye na wancan zamani sun yi wa jama'a hidimar da ba a rubuta musu ba, suna karɓar wasiƙa, su ba ɗalibi ya kai, wani lokaci su karanta su kuma rubuta amsa, ba ko sisi.

A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, kuma sun cancanci yin ta. Sai dai tare da harajin aka daina sabunta jerin nan na shekara-shekara, wanda duk da mugun asalinsa shi ne kaɗai rajistar magidanta da ake bibiya unguwa-unguwa. A 1985 aka raba ma'aikatar waya, NIPOST ta ɗauki wasiƙu, NITEL ta ɗauki tarho. An kuma tsara wa ƙasa lambobin yanki masu alƙaluma shida waɗanda ba kowa ya haddace nasa ba. Wayar salula ta shigo a 2001. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, aka yi wa manoma rajista a kwamfuta don a aiko musu da saƙon karɓar buhu biyu na takin zamani a rabin kuɗi, sai tsohuwar matsala ta dawo da sabuwar riga: an rubuta sunan uba, lambar ta ɗa ce, ɗan kuma yana Legas. A 2017 NIPOST ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin what3words, mai ba kowane ɗan fili a duniya suna na kalmomi uku, amma abin bai shiga bakin jama'a ba. Yau mai aika takarda ko kaya daga Kano zuwa Bagwai ko Bichi tashar mota yake zuwa, ya rubuta suna da lambar waya a jikin ƙunshin da babban alƙalami, ya ba direba ya biya shi, direban in ya kusa isa ya kira lambar, ko ya ajiye a wurin wani mai shago da suka saba.