Nasabar jini da ta hannu a tsakanin maƙeran bindigar Amurka

Mai bin salsalar maƙeran doguwar bindigar da ta yi tashe a Pennsylvania a ƙarni na 18 yakan fara cin karo da matsalar suna. Akasarinsu Jamusawa ne, kuma magatakardan da ke rubutu da Turanci sukan rubuta sunan yadda kunnensu ya ji. Andreas Albrecht, wanda ya iso Amurka a 1750, ya haifi ɗa da ya gaji sana'arsa, amma ɗan ya shahara ne da Henry Albright. Wanda ya dogara da suna kaɗai sai ya ɗauka gida biyu ne. Daɗin daɗawa, bindigogin farko da yawa ba su ɗauke da sunan kowa.

Abin da ya ceci tarihin Albrecht shi ne ɗarikarsa. Mabiya cocin Moravian mutane ne masu rubuta komai: haihuwa, aure, ƙaura, har da yaron da aka miƙa wa wani ya koyi sana'a. Daga kundinsu aka san cewa a maƙerar Christian's Spring, kusa da Nazareth, Albrecht ya horar da Christian Oerter, wanda ya karɓi maƙerar a 1766 ya riƙe ta har rasuwarsa a 1777. Da Albrecht ya koma Lititz a 1771, sai aka kawo masa William Henry ƙarami, ɗan wani maƙerin Lancaster mai wannan suna. Zuriyar yaron nan ce ta kafa masana'antar Boulton, ta yi ta ƙera bindiga har ƙarshen ƙarni na 19.

Oerter da Henry ba jinin Albrecht ba ne, amma a ganina wannan nasaba ta hannu ta fi ta jini bayyana a jikin bindiga. Yaron da ya shekara bakwai yana kallon yadda maigidansa ke sassaƙa ganye a gindin bindiga, da wuya hannunsa ya manta. Da irin wannan zane masana ke danganta bindigar da ba ta da suna da wata maƙera, ko da yake kama da wane ba ta wane, kuma maƙwabta ma sukan kwaikwayi juna.

Aure ma ƙofa ce. Jacob Dickert na Lancaster ya aurar da 'yarsa ga James Gill, suka yi tarayya a kasuwanci, jikansa Benjamin Gill kuma ya tashi maƙeri. Sana'ar ta bi ta ɗakin 'ya mace, sunan Dickert ya tsaya a kan kaka.